Amoniya ta kai 8 a sabon tankin kifin teku: in sa kifi ko in jira?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Abuja. Na haɗa tankin gilashi mai cin lita 200 domin kifin teku. Na sa busasshen dutse kamar kilo 20 da farin yashi, na dama gishirin da ake sayarwa musamman don wannan aiki. Wani ya ce in jefa ɗanyen jatan lande ya ruɓe a ciki, sai na jefa manya guda huɗu don abin ya yi sauri. Yau kwana 12 ke nan. Ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, ɗakin yana wari, har uwargida ta fara magana. Amoniya ta kai 8, wato miligiram 8 a kowace lita, ƙarshen katin gwajin ke nan, naitirayit kuma sifili. Da rana zafin ruwan yakan kai digiri 31. Wanda ya sayar mini da kayan ya ce in zubar da ruwan duka, in zuba sabo, in sa ƙananan kifi biyu masu juriya su ƙarasa aikin. In bi shawararsa? Kuma yaya zan gane tankin ya isa a sa kifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kada ka sa kifi, ko guda ɗaya, ko wane iri ne. Tankinka kuma bai lalace ba, ɗura ka yi masa. Jatan lande ɗaya ƙarami ya ishi lita 200, kai kuwa ka ba shi manya huɗu cikin ruwa mai zafin digiri 31. Dole uwargida ta yi magana, kuma gaskiyarta ce.

Ga abin da za ka yi yau. Kashe famfunan tukuna, ka sa ɗan raga ka tsamo abin da ya rage na jatan landen. Za ka tarar ya zama wani farin yauƙi mai wargajewa da an taɓa shi, don haka ka bi ragowar da siririn tiyo ka zuƙe ta daga kan yashi. Sannan ka nemi ainihin yawan amoniyar, domin 8 ɗin da ka gani ba lalle ne ita ce gaskiya ba, nan ne dai katin ya ƙare. Ɗebi cokali ɗaya na ruwan tankin ka haɗa da cokali uku na sabon ruwan gishiri da ka dama, ka gwada haɗin, abin da ya nuna ka ninka shi huɗu. In ya nuna 2, to 8 ce da gaske. In ya nuna 4, kana da 16 ba ka sani ba. Abin da muke so shi ne ta sauko wajen 2. Lissafin ba wuya: canza rabin ruwa yana raba amoniya biyu, canza kashi uku cikin huɗu yana mayar da 8 ta koma 2. Dutse da yashi kada ka wanke su, kada kuma ka bari su bushe yayin canjin. Ka mayar da famfunan su ci gaba da aiki dare da rana, fitilar tankin kuwa ka bar ta a kashe.

To, me ake jira a wannan tanki da babu kifi? Kifi yana fitar da amoniya kullum, kuma akasarinta ba ta kashi take fita ba, ta jan naman nan ne da ke ƙarƙashin murfin kuncinsa, wanda yake numfashi da shi. A teku tana fita ta ɓace cikin ruwan da ba shi da iyaka. A gilashi ba ta da inda za ta. Masu kwashe ta wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma aikin hawa biyu ne: wasu suna cin amoniya su mayar da ita naitirayit, wasu daban su karɓi naitirayit ɗin su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya zama da shi har ka rage shi da canjin ruwa. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware waɗannan bakteriya a wajen 1890. An daɗe ana koyar da cewa Nitrosomonas da Nitrobacter su ne ke wannan aiki a ko'ina, sai binciken da aka yi a tankunan kifi a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa hawa na biyu galibi Nitrospira ce ke riƙe da shi. Wani abin mamakin ma, a 2005 aka ba da labarin wata halitta mai cin amoniya da ba bakteriya ba ce sam, daga dangin da ake kira arkiya take, Nitrosopumilus maritimus, kuma daga tsakuwar wani tankin kifin teku a gidan kallon kifaye na birnin Siyatil a Amurka aka ciro ta. Wato tanki irin naka ne ya fara nuna wa masana ita.

Sunayen nan ba su ne damuwarka ba. Halinsu guda biyu ne ya shafe ka. Na farko, ba a cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a jikin dutse da yashi da soson matata da gilashi. Shi ya sa na ce ka canza kashi uku cikin huɗu na ruwan ba tare da fargaba ba, amma na hana ka wanke dutse. Na biyu, nawa gare su. Bakteriyar da ke ruɓar da nama tana iya rabewa biyu cikin ƙasa da awa ɗaya, su kuwa waɗannan sukan kwashe kusan yini da kwana kafin su ninka. Farin da ka gani a ruwanka ba su ba ne, masu ruɓar da jatan landen ne suka yi yawa, kuma su amoniyar suke ƙerawa, ga shi suna shanye iskar oksijin da waɗanda kake jira suke bukata. Da ka cire abincinsu, cikin 'yan kwanaki ruwan zai washe ya yi garau. Nan ne mutane da yawa ke yi wa rogo kallon kitse. Ruwan da ke ɗauke da amoniyar da za ta kashe kifi cikin dare ɗaya yana iya zama garau kamar ruwan roba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan harka ko ƙimar ma bai sani ba.

Abin da ya sa nake tsaurarawa kan amoniya a tankin teku fiye da na ruwan daɗi shi ne pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru. Abin da kayan gwajinka ke nunawa jimillar abu biyu ne: amoniyam, NH4, wanda da ƙyar yake ratsa jikin kifi, da sakakkiyar amoniya, NH3, wadda ita ce gubar. Yadda suke rabuwa ya dogara da pH da zafin ruwa. A ruwan daɗi mai pH 7 da zafin digiri 25, mai gubar tana wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai. Ruwan teku kuwa pH ɗinsa yana wajen 8.1 zuwa 8.3, inda mai gubar ke kai kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari, in zafi ya kai irin naka na 31 ta kusa kashi 10. Idan pH ɗinka yana wajen 8.2, cikin 8 ɗin nan kusan 0.8 guba ce tsantsa. Masu kiwon kifi suna ƙoƙarin kada ta wuce 0.02 a ruwan da kifi zai daɗe a ciki. Ka ga ka ninka wannan sau arba'in. Wanda ya saba da kiwon tarwada yakan raina wannan magana, don ya sha ganin ruwan kwandonsa ya yi baƙi yana wari kifin kuma yana cin abinci. Tarwada daban ce: tana leƙowa sama ta shaƙi iska, tana da juriyar da ba kowane kifi ke da ita ba, ruwanta ma galibi bai kai pH 8 ba. Kifin da ya fito daga cikin murjani bai taɓa sanin amoniya ba a rayuwarsa.

Wannan yawan yana ma jinkirta aikin da kake gaggawarsa. Wani sanannen bincike na 1976 kan wuraren tace ruwan ƙazanta ya nuna cewa masu cin naitirayit suna fara sanyi tun sakakkiyar amoniya tana tsakanin 0.1 da 1, alhali masu cin amoniya sai ta haura 10. Kai kana cikin wannan tsakanin. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Shawarar mai sayar da kayan fa? Rabinta daidai ne, wato a rage ruwan, kodayake zubar da shi duka asarar gishiri ce kawai, gishirin nan kuwa ka san kuɗinsa. Ɗaya rabin tsohuwar hanya ce da aka daɗe ana bi: a sa kifin damsel, wasu ƙananan kifin teku masu juriya, su fitar da amoniya, in sun rayu an ci riba, in sun mutu a sayi wasu. Ba na goyon bayanta. Kifin da ya tsallake ma yakan fito da wurin numfashinsa a ƙone, sai bayan wata biyu wata cuta ta same shi a ce kaddara. Kuma wahalar da dabba a kan abin da giram ɗaya na wata hoda da zan faɗa maka a gaba zai yi ba shi da hujja. Ga wata matsalar da ba a faɗa wa mai saye: damsel in ya girma mafaɗaci ne, yana mallake tankin, duk baƙon kifin da ka kawo sai ya sa shi a lungu, kamo shi kuma sai ka rushe dutsenka gaba ɗaya.

Abin da ya fi dacewa da kai shi ne ka nemo iri. Mai yin kindirmo ba ta zuba ido ta jira madara ta kama kanta, tana ɗibar ɗan na jiya ta zuba a ta yau. Busasshen dutsenka madara ce da ba a sa wa iri ba, shi ya sa kwana 12 naitirayit yake sifili, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. A haka ma zai kama da kansa, amma yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, wani lokaci takwas. In ka san wani mai tankin teku da ya shekara lafiya, kifinsa ba ciwo, roƙe shi ɗan dutse kamar dunƙulen hannu ko guntun soson matatarsa. Ka ɗauko shi cikin bokiti da ruwan tankin nasa ya rufe shi, ka kai gida cikin 'yan awoyi, ka ajiye inda ruwa ke gudu sosai. Wannan yana iya mayar da jiran mako ɗaya zuwa biyu. Hatsarinsa shi ne abin da zai biyo dutsen, cutar farin ɗigo ko wasu ƙananan halittu masu naci, don haka ka duba tankin da idonka kafin ka karɓa. Soson matatar kwandon tarwada ko tankin ruwan daɗi ba zai yi ba, ƙwayoyin can ba su jure gishirin teku.

Akwai kuma bakteriyar kwalba da ake sayarwa. Mai kyau tana aiki, na gani da idona. Sai dai abu ne mai rai, kuma kwalbar da ta kwana makonni a sito mai zafi ko ta sha rana a bayan mota daga Legas ba lalle ne akwai mai rai a cikinta ba. Ka duba ranar ƙarewarta, ka tabbata ta ruwan gishiri ce, ka tambayi yadda aka adana ta. In ka zuba, ka kashe na'urar kwashe kumfa da fitilar kashe ƙwayoyin cuta, in kana da su, na kwana biyu zuwa uku don su samu su manne. Kada ka gaskata rubutun jikin kwalba cewa an gama, gwaji ne zai faɗa.

Nan gaba in za ka ciyar da ƙwayoyin da amoniya, bar jatan lande. Nemi hodar amoniyam kilorayid a wurin masu sayar da sinadaran ɗakin gwaje-gwaje. Tankinka sunansa lita 200, amma bayan dutse da yashi da ɗan sararin sama ruwan cikinsa bai fi lita 170 ba, kuma giram ɗaya na hodar a wannan ruwa yana ba da kusan 2. Ka narkar da ita a kofi, ka zuba rabi, ka jira awa ɗaya, ka gwada, sannan ka ƙarasa. Ruwan amoniya na goge gilashi kuwa ka yi hattara da shi, galibi akwai sabulu da turare a ciki. In ka girgiza kwalbar ta yi kumfar da ba ta kwanta ba, ajiye ta. A yanzu dai ba ka bukatar ƙara komai, wadda ke ciki ta isa. Kuma ba sai ka riƙa zuba musu kullum ba. Ba sa mutuwa don sun yi mako ɗaya ko biyu ba abinci, yawan zubawar ma naitiret kawai yake tara maka.

Sai maganar zafi da wuta, wadda a wurinmu ita ce babbar jarrabawa. Su ƙwayoyin ba su ƙi digiri 28 zuwa 30 ba, sun ma fi sauri a nan. Kifi da murjani ne ke son 24 zuwa 27. Matsalar ita ce iska. Ruwan teku dama yana riƙe oksijin ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, zafi kuma yana ƙara rage shi, aikin mayar da amoniya naitiret kuwa mai cin iska ne: kowane miligiram na naitirojin yana cinye kusan miligiram 4.6 na oksijin. Saboda haka ka karkata famfo ɗaya ya riƙa karya saman ruwan, ka cire murfin gilashi ka sa raga, ka ɗora ƙaramar fanka tana hura saman. Wannan kaɗai yakan sauke digiri biyu ko fiye. In ba ka iya riƙe ruwan ƙasa da 28 a watan Maris da Afrilu ba, to ka warware wannan tun tankin ba kowa, ko da na'urar sanyaya ruwa ko da ta sanyaya ɗaki. Fanka tana ƙara ƙafewar ruwa, balle da hunturu. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, don haka ciko da ruwan da ba gishiri ake yi. Ka yi alama da tef a jikin gilashin, kullum ka cika zuwa nan. Gishirin ya tsaya a 35 cikin dubu, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'auni.

Na ɗauke wuta kuwa, ni ma na ɗanɗana. Wata shekara aka ɗauke mana wuta bayan isha'i, ba a dawo da ita ba sai washegari da la'asar, ina wurin aiki. Ina da matata irin mai rufaffiyar tukunya a ƙarƙashin tanki. Iskar cikinta ta ƙare, abin da ke ciki ya mutu ya fara ruɓa, da wuta ta dawo sai ta tashi da kanta ta turo wannan ruwan cikin tankin. Ina buɗe ƙofar ɗakin warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tare ni. Kifi biyu suna kwance a gefen dutse suna buɗe baki da sauri-sauri, kafin magariba sun tafi, washegari amoniya tana 1 a tankin da ya shekara biyu yana sifili. Tun daga ranar, in wuta ta wuce awa uku ko huɗu ba ta dawo ba, ina zare filogin matatar, in buɗe ta, in zubar da ruwan cikinta kafin in sake kunnawa. Ka sayi ɗan famfon iska mai batir tun yanzu, in kuma kana da inbata ko sola ka ɗora famfon kaɗa ruwa ɗaya a kai, wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba.

Ban san da wane ruwa ka dama gishirin ba. Ruwan famfo yana iya zuwa da kilorin, wanda aikinsa kenan kashe bakteriya. Na burtsatse ba shi da wannan, amma yana iya ɗauke da ƙarfe ko naitiret ko silika mai ciyar da gansakuka. Wanda aka tace da na'urar RO, mai cire ma'adinai da sinadarai daga ruwa, ya fi. Ka gwada amoniya da naitiret a ruwan da kansa kafin ka sa gishiri, minti goma ne. Gishirin miya kuma ba ya maye gurbin wanda ka saya ko da ya ƙare maka, don ruwan teku yana da maganiziyam da kalsiyam da sauran ma'adinan da babu a na miya. Aikin mayar da amoniya naitiret yana kuma tsamar da ruwa a hankali. In pH ya sauka ƙasa da 7.8, canjin ruwa ne maganin da ya fi sauƙi. Kada wani ya ce ka jefa kanwa. Ba ka san abin da ke cikinta ba, kuma ɗaga pH farat ɗaya alhali akwai amoniya ƙara mata dafi ne.

Abin da za ka gani daga nan: amoniya za ta yi kwanaki a 2 kamar ba abin da ke motsi, har ka fara zargin kayan gwajin. Wata rana sai naitirayit ya ɓullo, amoniyar ta fara sauka, kuma in ta fara da sauri take yi. Naitirayit zai hau fiye da yadda kake zato, domin amoniya 1 tana haifar da naitirayit kusan 2.7, shi kuma ya zama naitiret kusan 3.6. Hawa na biyun nan ya fi daɗewa, a nan ne ake cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, kai kuwa dutsen ne a gabanka. Kada ka ɓata sinadarin gwajin naitiret a wannan lokaci: gwajin yana mayar da naitiret naitirayit ne kafin ya auna, don haka muddin akwai naitirayit a ruwan zai ba ka lamba mai ban tsoro ta ƙarya. Ka riƙa gwada amoniya da naitirayit bayan kwana bibbiyu, ka rubuta a littafi da kwanan wata da zafin ruwa. Ka duba kalar da hasken rana a kan farar takarda, ba ƙarƙashin shuɗiyar fitilar tanki ba, ka kuma jira cikar mintunan da aka rubuta. Kayan gwajin amoniya su zama na ruwan gishiri, masu juyawa daga rawaya zuwa kore. Tsohon nau'in nan na Nessler mai juyawa ruwan ƙasa yana gurɓacewa a ruwan teku. Wasu masu rahusa kuma ba sa nuna sifili sosai, kullum sai ka ga kamar 0.25. Ka gwada sabon ruwan gishiri a wata kwalbar ka jera su. In kalar ɗaya ce, sifili ne.

Yadda za ka gane ya nuna: ranar da amoniya ta koma sifili, ka zuba giram ɗaya na hodar ta koma 2, ka duba agogo. Bayan awa 24 ka gwada. In ta koma sifili, ka maimaita sau ɗaya don tabbatarwa. In ta rage saura 0.5 ko 1, ba a gama ba, ka ba shi kwana uku ko huɗu ka sake. Naitirayit a ruwan teku ba shi da haɗarin da yake da shi a ruwan daɗi, saboda kilorayid mai yawa da ke cikin gishirin, wajen giram 19 a kowace lita, yana tare masa hanyar shiga jinin kifi. Masana da dama ba sa ma jiran sa. Ni dai ga mai farawa nakan ce ya jira ya sauka ƙasa da 0.5, don alama ce cewa hawa na biyun ya kafu, kuma a lokacin ne gwajin naitiret zai faɗi gaskiya. Daga nan ka canza ruwa mai yawa har naitiret ya sauka ƙasa da 20, ko ƙasa da 10 in kana da niyyar murjani. Da ka fara kunna fitila wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi. Gansakukar dayatom ce, tana zuwa wa kusan kowane sabon tanki, takan tafi da kanta cikin 'yan makonni.

Kifin farko su zama ƙanana biyu, kamar 'yan kilawun masu ruwan lemo da ratsin fari, waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona sun fi sauƙi. Yawan ƙwayoyin yana bin yawan abincin da suke samu ne, don haka ka bar mako biyu zuwa uku tsakanin kowane ƙari, kana gwada amoniya kullum a makon farko. Abinci kuwa abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Akwai wani tarko a ranar kawo su. Kifin da ya yi doguwar tafiya a leda ya tara amoniya a ruwan, amma iskar da ya fitar ta sauke pH, ta mayar da yawancinta marar dafi. Da ka buɗe ledar iskar ta fita, pH ya hau, dafin ya dawo. Saboda haka ka ɗora ledar a rufe a saman tanki minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita, ka auna gishirin ruwanta. In ya yi kusa da naka, ka tsamo kifin ka saka shi, ruwan ledar ka zubar. In ya yi ƙasa sosai, ka dama ruwa daidai da nasa a wani ƙaramin tanki ka fara ajiye shi can, ka ɗaga gishirin a hankali cikin kwanaki. Wannan ƙaramin tankin dama ya kamata ka mallaka don killace baƙon kifi, kuma tun yanzu ka jefa wani soso a babban tankin ya kama iri, domin ranar da za ka bukace shi.

In wata rana amoniya ta ɓullo alhali akwai kifi, kana ganinsu a sama suna haki ko sun ƙi abinci, ka tsayar da ciyarwa na kwana biyu, ka ƙirga su, ka leƙa bayan dutse ko wani kifi ko dodon koɗi ya mutu, ka canza kashi 30 zuwa 50 na ruwan da wanda zafinsa da gishirinsa suka yi daidai, ka ƙara iska, washegari ka gwada ka maimaita in da bukata. Wannan ya sa nake ajiye jarka biyu na damammen ruwa a kowane lokaci. Magungunan da ake cewa suna ɗaure amoniya ban dogara da su ba, ba sa fitar da ita daga ruwan, kuma haɗa su da maganin jan ƙarfe na kashe farin ɗigo yana iya ƙara wa maganin dafi. Tsakuwar ziyolait da ke tsotse amoniya a ruwan daɗi ba ta aiki a ruwan gishiri. Soson matata kuma a ruwan da ka cire daga tankin ake matse shi, ba a bakin famfo ba.

Bayan ka canza ruwan, ka turo mini abin da gwajin cokali ɗaya cikin huɗu ya nuna, da pH, da gishiri, da irin ruwan da ka dama da shi, sai kuma na kwana na bakwai daga yau. A gaya wa uwargida warin zai tafi cikin kwana biyu ko uku da fitar jatan landen, in sha Allahu.